Abin da Alli Ya Tono

A Joensuu, ƙarfe uku da rabi rana ta yi sallama.
Tellervo ta shigo shagona, ƙanƙara a kafaɗarta,
ta warware tsohon bargo a kan teburi.
"Ta kakana Eemil ce," in ji ta,
"da hannunsa ya ƙwato ta a bakin daga,
a hunturun talatin da tara."

Ban ce ƙala ba. Na ɗauko alli.
Ƙarfe ba ya magana sai an shafa masa fari a baki.

Na goga, na hure.
Mikiya mai kai biyu ta leƙo daga cikin tsatsa,
fiffike ɗaya hannayen mutane sun cinye shi.
Na kwance kusoshi, na ɗaga ƙarfen daga gadonsa,
can ƙasa, inda ido bai taɓa zuwa ba,
ga 'yar guduma, ga shekara:
dubu da ɗari takwas da casa'in da bakwai.
Tula ce ta haife ta.
Ta girmi Eemil, ta girmi ƙasarmu ma.

A gefe, haruffa uku ƙanana kamar sawun kiyashi,
hatimin Ostiriya.
Ashe an taɓa kama ta bauta a wani yaƙin,
wani ɗan manomi ya yar da ita cikin taɓo,
ya ɗaga hannu, ko kuwa bai samu ɗagawa ba.

Awon saiti na Rasha, an ja masa layi an soke,
an buga mita a ɗaya gefen.
Ƙotar itacen dajinmu ce, gutsure biyu,
an saƙa su kamar yatsun mai addu'a.
Lambar sakata daban, lambar hanci daban,
ta gidan harsashi ba ta san su ba ko a mafarki.
Bindiga ɗaya, gawa uku.

Sai lambar gunduma, ta dakarun sa-kai.
Na duba littafina, na sake dubawa.
Tun kafin wancan hunturu tana nan gida.
Sayo ta aka yi, cikin akwaku, ta jirgin ruwa,
wani akawu ya miƙa wa Eemil, ya sa hannu.

Na faɗa mata. Harshena ya yi nauyi, amma na faɗa.

Ta daɗe tana shafa ƙotar,
wurin da kumatu ya mayar da itace baƙi.
"Ya harbi wani da ita?"
Na ce maƙera ba su da hatimin wannan.

Agogo ya buga huɗu. Murhu ya yi tari.
Ta leƙa taga, inda mota ke huci a bakin hanya.
"Mahaifiyata na ciki," ta ce,
"shekararta tamanin da takwas,
kuma ita ke ba jikoki labarin.
Goge allin."

Na jiƙa tsumma da mai.
Mikiya ta koma cikin duhunta,
Ostiriya ta yi shiru,
na naɗe bargon yadda ya zo.