Magaryar Bayan Majema

A Birni, bayan majema,
inda ruwan bagaruwa ke gangarowa baƙi wuluk
ya ratsa tsakanin duwatsu biyu,
nan take tsaye, a karkace,
kamar mai satar jin hira ta kan katanga.

Ƙayarta biyu-biyu ce.
Ɗaya miƙaƙƙiya, ta soke ka.
Ɗaya lanƙwasassa, ta riƙe maka riga
sai kun gaisa.

Ƴaƴanta ba su kai gujiya ba,
ƙwallo ya fi tsoka.
Amma bari su yi ja, su yamutse a rana,
ka jefa ɗaya a kunci, ka tafi Zango da ƙafa,
za ka dawo zaƙin bai sallame ka ba.

Wa ya shuka ta?
Baba Kyari ya ce kakansa ne, madugu,
ya taho da irinta daga Agadas cikin zabira,
ƙwallo bakwai, shida suka ƙi ƙasar.
Inna Gaptiya sai ta ja tsaki:
"Wane madugu? Akuya ce.
Ta ci a Miriya, ta sauke a nan."
Shekara arba'in suna wannan shari'a a gindinta,
ba alƙali, ba shaida,
suna tofar da ƙwallo gefe guda.

Wata damina Mushe Lawali na ma'aikatar gona
ya zo a babur da wuƙa da leda.
Ya ce wannan tsohon yayi ce,
zai yi mata aure da wata ƴar waje
mai ƴaƴa kamar ƙwan zabo, ƙaya kaɗan.
Ya sare mata kafaɗa, ya ɗaure, ya tafi.

Ta haihu kuwa. Manya, masu sheƙi.
Muka yi layi da kwanoni.
Na gatsa: ruwa.
Inna ta shanya don akuri, suka ruɓe a tabarma,
tsutsa ta riga mu sanin daɗinsu.

Shekarar da famfo ya yi wata uku bai ce uffan ba,
muna bin ƴan garuwa da roƙo,
reshen baƙuwa ya bushe ƙayau.
Daga ƙasan tabon wuƙa
sai ga toho, siriri, kore shar,
da ƙayarsa biyu-biyu.

Ran da Baba Kyari ya cika,
ni aka aika ɗebo ganyen wanka.
Hantsi ne. Majema suna ta bugun fata,
ba su ji ba tukuna.
Na miƙa hannu, ta kama ni a wuyan hannu,
na ja, ta ja.
Na daɗe a tsaye ban ɓalle ta ba.

Inna ta karɓi ganyen, ta ga jini,
ta kirɓa a turmi ba ta ce komai ba.
Sai da kumfa ya taso cikin ƙwarya
ta ce, ba da ni take ba:
"To, madugun ne."

Tabon yana nan, ɗan baka kamar jinjirin wata.
Bana ɗiyata Barira ta tambaye ni asalin itacen.
Na cika mata hannu da jajaye,
na ce ta fara ci,
labarin biyu ne.