Kwalabe Uku na Cima

A bayan babbar mota ƴaƴan dabinon suka iso,
su shida, saiwa naɗe da buhu da laka.
Na dasa su bakin rijiya a Jiratawa,
ashe har da baƙo na biya kuɗin mota.

Ja ne kamar tsatsa, bakinsa basilla.
Ba mu da sunansa a nan.
Nomau ya ce buzuzu ne ya yi lalle,
muka sha dariya. Lokacin ke nan.

Cima ta zo hutu daga jami'a,
ta kara kunne jikin na uku, ta ce, Baba, saurara.
Ƙurus, ƙurus,
kamar yaro na cin aya a ɓoye bayan ƙofa.

Ta wanke kwalabe uku,
kowace ɓargon dabino da ƙwai goma.
Ɗaya a firjin mai shago, cikin ledojin zoɓo,
ɗaya gindin randa,
ɗaya bisa kwano, inda ƙadangare ma ke ɗaga ƙafa.

Na firji ko motsi, har aka zubar.
Na bisa kwano suka soye kafin la'asar.
Na gindin randa, kwana uku,
sai ga tsutsa fara, kai baƙi, tana ci ba bisimilla.

Na ce, to madalla, bazarar Maraɗi ba ta wasa,
ita za ta yi mana yaƙin.
Cima ba ta tanka ba.
Ta zura ma'aunin zafi cikin ramin kututture:
waje arba'in da huɗu,
ciki talatin, ga laima.
Ɗakinsa ya fi nawa daɗin kwana.

Ta ce sanyi ne ke taka masa birki.
Da ɗari uwar na rowar ƙwai,
tsutsar ta yi nauyin baki,
girman wata biyu ya koma na huɗu.
Na tuna bargona.
Da, wata uku yake kan gado,
bana sati biyar na ninke shi.

Jiya muka sare na ukun, muka sa wuta.
Warin tsami ya cika garka.
Ɗaya ya tsira daga hayaƙi, na bi shi da ido,
ya yi arewa,
wajen Gulbin Kaba, inda yata Hajo
ke saƙa tabarma ta sayi hatsi.
Na ce, Cima, yana cin goruba?
Ta ce ba ta sani ba tukuna.
Ta fara wanke kwalba ta huɗu.