Wutar da Ke Gudun Nauyi

Ƙarfe shida a Onda, garin masu gasa tayil,
raɓar teku na kwance a kan kwanon sito.
Remei ta tare ni da hannu a ƙugu:
"Motar ɗaga kayana tana tari."

Na tayar da ita. Sumul, kamar kyanwa a cinya.
Na taka totur, ko gezau.
Na ce, "Lafiyarta lau."
Ta ce, "Ai ba ka aza mata komai ba.
Kowa mai haƙuri ne kafin a ɗora masa kaya."

Ta zura cokulan ƙarfe ƙarƙashin katako,
tan biyu na tayil mai ruwan ƙasa,
ta ja sanda, sarƙa ta miƙe,
fau!
Tantabarun rufi suka watse,
Ximo ya kifar da kofi a kan takardun lodi.

Na fara daga inda kowa ke farawa.
Tukunyar gas na nan da nauyinta,
bakinta zaune daidai a gurbinsa.
Matata kuwa ta yi baƙi ƙirin,
na ce, yauwa, ga ɓarawon.
Na sa sabuwa. Aka ɗaga. Fau.

Na buɗe cikin regileta,
na kwashe maiƙo mai yauƙi kamar kwalta,
na canza robar da ta bushe,
na bi kowane tiyo da kunne
ko zan ji inda iska ke satar shiga.
Shiru.
Aka ɗaga. Fau, har sau biyu,
kamar tana yi mini dariya.

Rana ta take tsaka.
Tirela uku masu zuwa tashar jirgin ruwa
sun yi layi, direbobi na hura hanci,
Ximo na lissafa kowane minti da kuɗin yuro.

Remei na zaune a kan taya
tana cin burodi da tumatir da man zaitun.
Ba ta ko dube ni ba ta ce,
"Ta fi yi da safe, in gari ya yi laima.
Na faɗa maka tun ɗazu,
kana can kana hira da sifana."

Sai muryar marigayi Batiste ta faɗo mini,
wanda ya koya mini riƙon sukurdireba:
gas ba fetur ba ne, yaro,
ba a kunna shi da lallashi.
In kaya ya danne inji, matsi ya ƙaru,
wuta sai ta nemi ƙofar da ta fi sauƙi.

Na ce a sauke ƙofofi, a kashe fitilu.
Na ari 'yar kwalbar feshi
da take shayar da furen tagar ofis,
na fesa wa wayoyin fulogi raɓar ƙarya.
Duhu ɗuɗum. Ƙamshin gas da ƙurar yumɓu.
Na ce, "Ɗaga."

Sai ga ta.
Shuɗiya, siririya kamar zaren lilo,
tana tsalle daga waya ta uku zuwa jikin inji,
ƙyas, ƙyas, ƙyas,
ta wata tsaga da farce ba zai shiga ba.
Mu uku muka yi tsit
kamar yara sun ga walƙiya a cikin ɗaki.

Wayoyi huɗu, fulogi huɗu,
na ɗan matse bakin kowanne.
Kuɗinsu bai kai abin da na ɓata da safe ba.
Ta ɗaga tan biyu har ƙoli,
ta riƙe shi can, da gangan, tana kallona.

Tsohuwar wayar tana aljihuna har na isa gida.
Jikata Neus ta sheƙo da gudu,
na sunkuya na cira ta sama,
gwiwata ta hagu ta ce ƙas.
Da safe, ina tafe hannu sake,
ba ta ce komai ba.