Jarrabawar da Sifili ke Ci

Uku saura kwata na dare suka shigo da shi,
Evaristo Cancino, daga tuddan Valparaíso,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannun 'yarsa.
Na ce, Ximena, yaushe rabonki da ganinsa garau?
Ta ce, ƙarfe ɗaya, yana shan shayi, yana faɗa da rediyo.
Na dubi agogo. Da sauran dama.

Takarda ce guda, layi bisa layi.
A nan ba a son maki.
Sifili ne gwani. Arba'in da biyu kuwa,
ban taɓa rubuta shi ba, ba na kuma fata.

Baba, shekarunka nawa? Saba'in da ɗaya. Daidai.
Wane wata muke ciki? Ya ce Mayu.
Agusta ne, ruwan hunturu na dukan taga.
Ɗaya.
Rufe ido, buɗe, dunƙule hannu. Ya yi.
Bi yatsana. Ido ya ruga dama,
da na yi hagu sai ya turje kamar jakin da ya hango rami.
Ɗaya.
Na kaɗa yatsu ta gefen hagu, bai ga komai ba. Biyu.
Nuna mini haƙora.
Rabin baki ya yi murmushi, rabi ya ƙi zuwa. Biyu.

Ɗaga hannu in ƙirga goma.
Na dama ya tsaya ƙyam.
Na hagu, ina sakinsa, tim a kan katifa. Uku.
Ƙafa ta sauka ban kai biyar ba. Biyu.
Na tsikare shi da tsinke, ya ce kamar ta bayan bargo. Ɗaya.
Harshe ya yi nauyi, kalma na jan ƙafa. Ɗaya.

Sai na ɗago hannunsa na hagu:
Baba, wannan na wane ne?
Ya duba, ya ce, naki mana, likita.
Can ya ce, ina Ximena ta shiga?
Tana tsaye a hagunsa, tana riƙe da gefen rigarsa.
Na rubuta biyu. Alƙalamin ya huda takardar.

Goma sha biyar.
Hoton kai ya ce jini bai zuba ba, hanya ce ta toshe.
Muka ɗaura maganin narka guda, muka zauna jira.

A nan Ximena ke gaya mini
shekara arba'in yana tuƙa taragon hawa tudu:
tarago biyu, igiya ɗaya,
in wannan zai hau, sai wancan ya sauka,
ɗaya ya tsaya, duka sun tsaya.
Ta ce ta ƙarar igiya yake gane ranar da za a yi ruwa.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu layin da zan sa wannan.

Bakwai na safe na dawo da sabuwar takarda.
Wane wata? Agusta, ya ce, kin cika tambaya.
Hannun hagu ya tashi yana rawa,
na kai takwas kafin ya soma sauka.
Na haɗa, na sake haɗawa: shida.

Ban kai ga faɗa ba ya juya wuya a hankali,
hagu, hagu, har ƙarshe,
ya ce, ke kuma tun yaushe kike nan?
Ximena ta miƙa masa takalmin.