Saura Uku

A Aboabo, bayan asuba,
wayar da Rahinatu ta jingine da gwangwanin madara
tana ƙirga mini ɗaga hannu.

Ni da na shekara talatin ina ƙirgar goro
ƙwaya ba ta taɓa ɓace mini ba,
yau na ce goma,
manhaja ta ce bakwai.

Hannun dama ya zama baƙo
tun ranar da na faɗi a Kejetia.
Lallashinsa nake, kamar jaki a bakin gada.

Can asibiti, wata nas da ban san fuskarta ba
ta hango ha'incina,
ta aiko: “Baba, saura uku.”

Jiya da damata na kai kofin koko baki.
Rabi ya zube a riga.
Na duba wayar sama da ƙasa,
babu gurbin rubuta wannan.