Gawa-ta-ƙi-rami

A Aboabo na san shi,
ko da yake ƙafarsa ba ta taɓa taka Kumasi ba.
Rumfata ta kwano ce, benci bakwai,
talabijin ɗaya a kan duro,
janareta na tari a bayan katanga
kamar tsohon da ya fara taba tun yana yaro.

Farkon zuwansa direban tasi ne.
Kalma huɗu ya faɗa, aka biya, aka sauka,
kyamara ta bi fasinja, ta bar shi da sitiyari.
Awudu mai walda ya ce,
"Wannan hancin ba na Amurka ba ne."

Daga nan suka ba shi bindiga.
Suka yi masa naɗin rawanin da ko makaho ba zai yi ba.
Ya mutu a jirgin sama, ya mutu a rairayi,
ya faɗo daga bene hawa arba'in,
sau ɗaya ma tun masu gyaɗa ba su gama zama ba.
Yara suka sa masa Gawa-ta-ƙi-rami.
Ni kuwa na samo alli:
kowace mutuwa, layi ɗaya a jikin ƙofa.

Wani dare ruwan sama ya koro Malam Issaka,
shi da ya yi shekara tara yana karatu a Alƙahira,
bai taɓa zama a bencina ba.
Ga mutumin namu a allo, jijiyar wuya a tashe,
yana zazzaga Larabci a fuskar jarumi.
Rubutun ƙasa ya ce: zan ƙone garinku.
Malam ya tuntsire da dariya har carbi ya kuɓuce.
"Ƙarya ne! Cewa ya yi,
Umma, ki rage mini wake, ina nan tafe,
kuma takalmin da suka ba ni ya matse ni."

Tun ranar na daina ganin mugu.
Ɗan wata nake gani,
da ya ƙetare teku da jaka ɗaya,
aka gutsure masa suna, Nabil ya koma Bil,
yana biyan haya da mutuwa.
Na san ciwon.
A Alabar aka binne cibiyata,
amma har gobe in na je yankan kati
sai magatakarda ya ɗago kai ya ce,
"To, asalinku fa, ina ne?"

Rumfa ta mutu, ita ba ta tashi ba.
Kaset ya tafi, faifai ya bi sawu.

Jiya Ayishetu, autata, ta miƙo mini waya
muna cikin trotro, cunkoso ya riƙe mu a Kejetia.
Ga shi nan.
Furfura ta cinye kai, tabarau a karan hanci,
likitan haƙori ne a wani shiri mai dogon zango,
yana ɓare lemo a kicin,
yana mita da ɗansa a kan kuɗin wuta.
Na ƙura wa tagar bayansa ido
ina jiran harsashi.
Minti arba'in.
Ya wanke hannu, ya kashe fitila,
ya kwanta kwanciyar mai tashi gobe.
Sunansa ya fito na biyu,
ba a gutsure ko harafi ba.

Na sauka tun kafin tasharmu.
Inda rumfar take, yanzu shagon tura kuɗi ne.
Ƙofar dai ita ce, sun shafe ta da fenti ruwan ɗorawa.
Na ɗora tafin hannu.
Ashirin da uku suna nan a ƙasa, ni na sani.

Yarinyar shagon ta leƙo ta raga:
"Baba, cirewa ne ko turawa?"
Na ce, ko kina da alli?
Ta duba aljihun tebur, ta ce sai biro.
Na karɓa, na tsaya,
ban san yadda ake rubuta wanda ya kwana lafiya ba.