Kashi Biyu Cikin Uku

Ranar Talata, a Setúbal, muka zauna gaban lauya,
ni da Aurélio da Graciete,
kowa da alƙalaminsa, kamar baƙin da jirgi ɗaya ya kwaso.

Mutumin banki ya riga ya zo ya ga gidan.
Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi,
ya rubuta yuro dubu ɗari da tamanin.
Bai ga zanen fensir a bayan ƙofar kicin ba,
inda Baba ke auna tsawonmu duk ƙarshen shekara.
Bai yi wa ƙarnin kifi kuɗi ba,
wanda ya ƙi barin ɗakin da ake rataye koma.

Aurélio ya ce, "Ba faɗa na zo yi ba.
Hayar Lyon ta ci ni har ƙashi."
Graciete ba ta tanka ba,
zoben Mama kawai take murzawa a yatsa.
Nono ɗaya muka sha,
yau ga na'urar lissafi tana raba mu uku.

Na sa hannu sau goma sha bakwai.
Shekara ashirin da biyar, in ji takarda,
ni kuwa ina da arba'in da tara.
Ranar da zan gama biya
gwiwata ba za ta iya matakalar nan ba.
An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa dai ya zo da makulli.

Da yamma Aurélio ya ajiye nasa a kan tebur.
Na tura masa, ya turo mini,
makullin ya kwana a tsakiya.
A bakin ƙofa Graciete ta waigo:
"Idan ɓauren ya nuna a watan Agusta,
ko zan iya zuwa in tsinka?"
Tun yaushe ake neman izini a gidan uba?
Na ce to.
Muryata ta fito irin ta mai gidan haya.

Yanzu duk ɗaya ga wata banki na ɗibar nasa,
ni kuma in zaga ina duba abin da na fansa.
Wancan watan, matakala uku.
Wannan watan, rabin tagar da Aurélio ya fasa da ƙwallo,
aka dake ni a kanta,
ban tona shi ba har yau.